Yadda Motar Japan ta Gaji ta Faransa a Yamai

Mota ta san hanyar Yamai tun garin bai zama babban birni ba. A ƙarshen shekarar 1924 wani ayari na motoci takwas na kamfanin Citroën, masu taya a gaba da sarƙa a baya, ya taso daga Colomb-Béchar ta ƙasar Aljeriya, ya keta Sahara, ya yada zango a bakin kogin Isa, sannan ya miƙa gabas zuwa Damagaram da tafkin Cadi. André Citroën ne ya ɗauki nauyin tafiyar, don duniya ta shaida cewa motar Faransa za ta iya ratsa Afirka. Bayan shekara biyu, a 1926, Turawan mulki suka ɗauke mazaunin gwamna daga Damagaram suka kawo Yamai. Daga nan har wajen shekara hamsin, in aka ce mota a Nijar to ta Faransa ake nufi, in ka ɗebe Land Rover ta Ingila da kumandan da jandarma ke shiga daji da ita. Manyan Berliet ke jigilar gyaɗa da kayan kanti, Renault da Citroën ke kai ma'aikata wurin aiki, sannan Peugeot, wadda muke kira Fijo, ta zo ta shafe su duka.

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 ya san darajar Fijo 404 da 504. Su ne motocin tasha, su ne na alhazai, su ake nema ranar kai amarya. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, kayan gyaranta suka wadata daga Kano har Maraɗi da Ƙonni. Har sana'a ta tsiro a kanta: samarin Turai su sayi tsohuwar Fijo da araha a can, su biyo ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Yamai, su koma gida ta jirgin sama.

Yau kuwa, ka tsaya bakin gadar Kennedy da hantsi ka kalli abin da ke wucewa. Tasi masu jan kai akasarinsu Starlet ne da Corolla. Faba-faba mai kwasar mutanen unguwannin nesa Hiace ce. Motar ma'aikatar gwamnati da ta ƙungiyar agaji Hilux ce ko Land Cruiser, mai ɗauko bulo da siminti kuma Kanta ce ta kamfanin Mitsubishi. Japan ba ta mulke mu ba, ba ma jin harshenta, ba ta da masana'antar mota ko ɗaya a ƙasarmu, tsakaninmu da ita tafiyar makonni ce a teku kafin a fara ta tudu. Yadda aka yi motarta ta gaje titunanmu labari ne mai tsawo, kuma a masaƙa ya faro.

Sakichi Toyoda ɗan kafinta ne, ya tashi yana ganin wahalar da mahaifiyarsa ke sha a bakin saƙa, sai ya ƙarar da rayuwarsa wajen ƙera injin saƙa. Abin da ya fitar da injinsa daban shi ne, da zarar zare ɗaya ya tsinke sai ya tsaya da kansa, kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi izinin ƙera irinsa a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ya riga ya zaga Turai da Amurka, hankalinsa kuma yana kan mota. A lokacin Ford da General Motors ke riƙe da kasuwar Japan, ɗaya na harhaɗawa a Yokohama tun 1925, ɗaya a Osaka tun 1927. A 1933 Kiichiro ya keɓe wani lungu a masana'antar injin saƙa, ya sayo Chevrolet sabuwa, shi da yaransa suka kwance ta ƙusa-ƙusa, suna aunawa suna zanawa. Sun yi ta zuba ƙarfe yana tsagewa kafin injin farko ya tashi. A 1935 babbar motarsu ta kaya ta fito, a 1936 motar shiga ta biyo, a 1937 aka kafa kamfanin Toyota, ya gina masana'anta a garin Koromo, wanda daga baya, a 1959, aka sauya masa suna zuwa Toyota. Gwamnatinsu ma ba ta naɗe hannu ba: dokar da ta yi a 1936 ta fifita kamfanonin gida, irin su Toyota da Nissan, har na Amurka suka tattara suka bar ƙasar kafin yaƙi.

Yaƙin duniya na biyu ya bar Japan a toka. A 1950 Toyota ta kai bakin durƙushewa, bankuna suka ce ba bashi sai an rage ma'aikata, yajin aiki ya ɓarke, mutum wajen 2,000 suka bar aiki, Kiichiro ma ya ajiye shugabanci tare da su. Bai ƙara shekara biyu a duniya ba. Abin da ya ceci kamfanin yaƙin Koriya ne, wanda ya tashi a watan Yuni na shekarar, sojojin Amurka suka yi odar dubban manyan motoci. A wannan yanayi aka ƙera wata motar daji a 1951, aka sa mata suna Toyota Jeep BJ. Kamfanin Willys na Amurka ya ce sunan Jeep nasa ne, shi ya sa a 1954 aka raɗa mata Land Cruiser.

A nan ne, a ganina, asirin yake. Eiji Toyoda, ɗaya daga cikin manyan Toyota, ya ziyarci masana'antar Ford a 1950 ya ga suna fitar da dubban motoci a rana, alhali nasu ba su wuce ƴan gomomi ba. Ba su da kuɗin tara ƙarfe da kayan haɗi a sito kamar Amurkawa, ba su da filin ajiya, ba su da kasuwar da za ta shanye mota iri ɗaya miliyan guda. Wani injiniya mai suna Taiichi Ohno ya mayar da wannan rashi tsari. Ba a ƙera wani ɓangare sai na gaba ya turo kati ya ce yana bukata. An rataya igiya a kan layin haɗa mota, ƙaramin ma'aikaci in ya ga ƙusa ba ta zauna daidai ba yana da ikon ja ya tsayar da aiki, manya su taru a gano dalili, a yi ta tambaya har a kai ga tushen matsalar. Dabarar injin saƙar nan ce mai tsayawa in zare ya tsinke aka ɗauko aka ɗora wa mutane. Direban tasi na Yamai da ke cewa Corolla ba ta son gareji, amfanin wannan igiya yake ci.

Fitarsu kasuwar duniya da tuntuɓe ta fara. Toyopet Crown da suka kai Amurka a 1957 ta kasa gudun manyan titunan can, tana zafi tana karkarwa, dole suka janye ta. Suka koma suka gyara, suka dawo da Corona a 1965. Corolla ta fito a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968, wato cikin shekara uku aka haifi motoci ukun da ke ɗauke da Nijar a yau. Sai ga tashin farashin mai na 1973, kowa ya koma neman ƙaramar mota mai shan kaɗan, Corolla da Datsun da Honda Civic kuwa suna nan suna jira. A 1980 Japan ta ƙera mota miliyan 11, ta zarce Amurka. Ihun ma'aikatan mota na Detroit ya sa a 1981 Japan ta yarda ta taƙaita abin da take kai wa Amurka zuwa mota 1,680,000 a shekara. Daga nan kamfanonin suka ɗauki masana'antun suka kai wa masu saye har gida: Honda a Ohio a 1982, Nissan a Sunderland ta Ingila a 1986, Toyota a Kentucky a 1988, a Burnaston ta Ingila a 1992, a Valenciennes ta Faransa a 2001. Mai karatu ya riƙe wannan, don yana da nasaba da abin da ke yawo a titunanmu.

Mu a nan, ta daji motar Japan ta shigo kafin ta shiga gari. Abu biyu suka buɗe mata ƙofa a shekarun 1970: yunwa da yuraniyom. Farin 1973 da 1974, wanda a cikinsa Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani a watan Afrilu na 1974, ya jawo ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya karkara, kowane aiki da farar motarsa mai shiga yashi. Farin 1984 ya ƙaro wasu. A arewa kuma SOMAÏR ta fara haƙo yuraniyom a Arlit a 1971, aka kafa COMINAK a 1974, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, kashi 25 cikin ɗari na hannun jarinta na kamfanin OURD ne na Japan. Ma'adinin COMINAK na Akouta yana tafiya can ya kunna musu wuta, motarsu tana tahowa nan. Kuɗin yuraniyom suka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit, suka tada gine-gine irin su otal Gaweye, suka kuma saya wa ma'aikatun gwamnati sababbin motoci. Direbobin da suka tuƙa Land Rover suka tuƙa Land Cruiser a hanya guda su suka yanke hukunci, ba tare da wani talla ba. Ga mutanen Ayar da Kawar Land Cruiser ta zama raƙumin zamani, mai jure ƙishi da kaya, mai kai ka inda kwalta ba ta taɓa zuwa ba. Gasar Paris-Dakar, wadda a shekarun 1980 take ratsa Agadas da Tenere da Yamai, ta ƙara wa abin armashi: Mitsubishi Pajero ta ci a 1985, ta kuma tara nasara 12 a tarihin gasar.

Shaidar da ta fi kowace girgiza duniya daga maƙwabta ta zo. A ranar 2 ga Janairu 1987 dakarun Cadi a ƙarƙashin Hassan Djamous suka afka wa sansanin Libiya a Fada cikin akori-kura ƙirar Toyota, ɗauke da makaman fasa tanka da Faransa ta ba su. Tankokin Gaddafi suka kasa juyawa da saurin ƙananan motocin. A watan Maris Wadi Doum ma ta faɗi. Har yau yaƙin Toyota ake kiran wannan yaƙi. Darasin ya bazu a Sahel, kuma ba alheri kaɗai ya haifar ba. A tawayen arewacin Nijar na 1990 zuwa 1995, da na 2007, soja da ɗan tawaye mota iri guda suke hawa, haka kuma masu ɗauke da makamai da suka addabi iyakokinmu daga baya. Ingancin da ke kai allurar rigakafi rugar da ba hanya, shi ke kai mai bindiga.

Cikin gari kuwa, talauci ne ya naɗa Toyota sarauta. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. A dare ɗaya sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa. Hanyar Sahara da Fijo ke biyowa ta riga ta mutu saboda rikicin Aljeriya da tawayen arewa. Sai idanu suka koma Kwatano.

Akwai abin lura a nan. Japan na fitar da tsofaffin motoci masu ɗimbin yawa, saboda binciken lafiyar mota a can yana da tsada, ana yin sa bayan shekara uku da saye, sannan duk bayan shekara biyu, mutane da dama sukan gwammace su sayar su sayi sabuwa. Amma su ta hagu suke tuƙi, sitiyarinsu na dama, don haka motocin nan Kenya da Tanzaniya da Uganda suke nufa. Mu masu sitiyarin hagu sai mun jira Bature ya gama da tasa. Carina E da Avensis da ke cika wuraren dillalai a Yamai yawancinsu a Ingila aka haɗa su, Yaris a Faransa, Camry da Highlander a Amurka, Hilux a Tailan ko Durban ta Afirka ta Kudu. Da yawan motocin da muke kira na Japan ba su taɓa ganin Japan ba. Tsarin aikin ne na can, shi ya yi tafiyar.

Ga yadda hanyar take kafin a rufe gadar Malanville a 2023. A birnin Brussels akwai titin Heyvaert, inda dillalai, da yawansu ƴan Lebanon, ke tara tsofaffin motoci daga Jamus da Holan da Faransa, ƴan kasuwarmu na zuwa da kansu su zaɓa. Daga can a kai tashar jiragen ruwa ta Antwerp, a cika jirgi, a sauke a Kwatano ko Lome. Daga Kwatano direbobi su jero su ayari, ta Parakou da Kandi zuwa Malanville, a haye gada a shigo Gaya, a gama da ƴan duwan, a biyo ta Doso, tafiyar sama da kilomita 1,000. Sau da yawa cikin motar cike yake da tayoyi da firji da katifu, don kada wuri ya tafi a banza. A shekarun da kasuwar ke ci, ɗaruruwan dubban motoci ke sauka Kwatano a shekara, mafi yawansu da takardar wucewa zuwa Nijar. Kowa ya san Nijar ba ta shanye wannan adadi. Najeriya ce ke shanye su, wasu tun a ƙasar Benin suke sulalewa, wasu sai sun shigo sun biya kuɗin wucewa sannan su tsallaka ta Ƙonni da Maraɗi zuwa Sakkwato da Katsina da Kano, inda ake kiran irinsu ƴar Kwatano. Baitulmalinmu ya ci wannan ciniki shekaru da yawa, har Najeriya ta hana shigo da mota ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairu 2017, ta kuma rufe iyakokin baki ɗaya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020.

Cikin duk motocin da Turai ke zubarwa, me ya sa ɗan Yamai ya zaɓi Toyota? Bakanike ne ya zaɓar masa. Mai sayen tsohuwar mota ba ya tafiya shi kaɗai, da maigidan garejinsu yake zuwa, shi kuma abin da hannunsa ya sani zai nuna. Injin Starlet mai kafireto yaro mai shekara biyu a gareji zai sauke shi ya mayar. Injin gazuwal na Land Cruiser da ake kira 1HZ, wanda ya fito a 1990, ba ruwansa da kwamfuta, yana haƙuri da man da aka sayo a kwalba bakin hanya. Kayan gyara kuma suna ko'ina, sabo da na gwanjo, wanda babu a ƙera shi ko a yi masa dabara a kasuwar Katako. Da motar ta yawaita sai kayanta suka yi araha, da kayan suka yi araha sai ta ƙara yawaita. Mai tasi yana saye ne da sanin cewa ranar da ya matsu zai sami mai saye kafin la'asar. Ni dai ina ganin in za a rubuta sunayen waɗanda suka ɗaukaka Toyota a Afirka, na makanikan da ke aiki a gindin dogonyaro ya kamata su biyo bayan na Ohno.

Agadas ta ga wani babin. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, da gano zinariya a Jado a 2014, Hilux ta zama dukiyar arewa. Duk ranar Litinin ayari ke tashi zuwa Dirku da iyakar Libiya, mutum sama da ashirin a bayan kowace, ƙafafu a waje, kowa riƙe da sandar da aka kafa don kada ya faɗo. Dokar watan Mayu ta 2015 ta haramta jigilar baƙin haure, aka kama direbobi, aka tsare motoci, waɗanda suka ci gaba suka koma bin hanyoyin da ba rijiya, rayuka suka salwanta. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023.

Ko cinikin sabuwar mota ya sauya hannu. CFAO, tsohon kamfanin Marseille da aka kafa a 1887, wanda kakanninmu suka sani da sayen gyaɗa da sayar da yadi, shi ke wakiltar Toyota a Yamai. A 2012 Toyota Tsusho ta Japan ta saye mafi yawan hannun jarinsa, a 2016 ta mallake shi gaba ɗaya.

Amma zamani bai tsaya ba. COMINAK ta rufe a ƙarshen Maris 2021. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, gadar Malanville ta rufe, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 Nijar ba ta buɗe nata gefen ba. Kaya suka koma biyowa ta Lome da Wagadugu da Kaya da Dori da Tera, da rakiyar soja, kuɗin mota da na kayan gyara suka hau. A wannan shekara ta 2023 ce kuma Sin ta fitar da mota miliyan 4.9, Japan miliyan 4.4, karo na farko da ta sha gabanta. Mun riga mun ga irin haka a babura: inda Honda da Yamaha da Suzuki suke a da, yau na Sin da na Indiya ne a hannun ƴan kabu-kabu.

Wannan tarihi ya yi mana rana, ya kuma bar mana ciwo. Tsohuwar Toyota ta kai mai naƙuda asibiti, ta ciyar da gidajen direbobi da yaran mota da masu faci da dillalai. Amma mu ne ƙarshen layi. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Wasu sukan iso an cire musu matatar hayaƙi ta cikin salansa saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki, wasu an mayar da lissafin tafiyarsu baya, wasu birkinsu sai addu'a. Hayaƙin yaranmu ke shaƙa, Hiace da aka yi wa lodi fiye da kima kuma danginmu ke ciki a kan hanyar Doso da ta Tilaberi. Gana ta sami wurin harhaɗa Hilux a Tema tun 2021, mu kuwa bayan shekara hamsin muna hawa, ko batir da tacen mai daga waje muke jira.

Sannan motocin da ke tafe ba irin na jiya ba ne. Tun 1997 Toyota ta fitar da Prius mai haɗa fetur da lantarki, kuma abin da Turai ke hawa yau shi zai sauka wurinmu nan da shekara goma: mota mai kwamfuta a kowane sashe, mai batir da zai iya hallaka wanda ya taɓa shi da ka. Kunne da sufana ba za su ishi bakanike ba. Ina kira ga hukumomin sufuri da na koyar da sana'a su tsaya kan abu biyu: a binciki birki da hayaƙin kowace mota tun a bakin iyaka kafin a ba ta lamba, a kuma buɗe wa iyayen gidan gareji da yaransu azuzuwan yamma na lantarkin mota da na'urar gano cuta, a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Agadas, a koyar da su da Hausa da Zabarmanci, kan kuɗin da za su iya biya.